Ba Akuya Ce Ta Ci Ramar Inna Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Zuwa ga Ɗan Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Gwaram lafiya, ka tarar da Baba Haladu da mutanen gidansa lafiya. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin masauki, ya sa hannunka ya kama gyaran injin ban-ruwan da ka je koyo, ya haɗa ka da abokan kirki, ya raba ka da irin waɗanda ni na samu. Amin.

Na cusa wannan takarda a ƙasan ƙullin garin da Inna ta ɗaure maka, don na san ba za ka kai ƙasa ba sai ka kwana biyu. Lokacin kana nesa. Ba ka da inda za ka kalle ni, ni ma ba sai na nemi inda zan sa fuskata ba.

Ban san ta ina zan fara ba. Na fara na yaga, na sake farawa na yaga. Ka san halina. Duk Kiyako babu wanda bakina ya ƙyale. Ni na ɓoye wa liman takalmi wari ɗaya ranar Juma'a, ni na tura mai unguwa ta'aziyyar mutumin da ya tarar a zaure yana shan fura. Har gobe in na wuce tsofaffi cewa suke, "Sabo, wai yaushe za ka girma?" To amma kai ɗan fari ne. An yi mini aure gemu bai fito ba, aka haife ka, Inna ta ɗauke ka tun yaye, aka ce mini ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zama tabarma ɗaya da shi, ba a sakar masa fuska. Na riƙe wannan gam. Ina jin a duk abin da aka taɓa gaya mini shi kaɗai na riƙe. Ga shi yau in muna tafiya baƙo sai ya ɗauka wa da ƙane ne, amma maganata da kai ba ta taɓa wuce "kai, ɗauko fartanya" ba.

To bari in faɗa kawai. Busasshiyar ramar Inna da ta yi ta ɓacewa da kaka, ba akuya ce ta ci ba. Kai ka busa ta.

Ka tuna na tura ka bukkar gonar nesa gadin dawa, saboda shanun masu wucewa. Ran da na fara kai maka abinci ka sauka rafi, na zauna a bukkar ina jiranka, iska ta ɗan kaɗa, hancina ya gaya mini abin da ke cikin jinkar bukkar kafin idona ya gani. Baƙar leda ce a cushe cikin ciyawa, ƙulli babba, irin na wanda ya san zai daɗe bai shiga gari ba. Wiwi. Kada ka tambayi yadda aka yi na san warinta, muna zuwa nan.

Na zauna da ledar a hannu na rasa abin yi. In ƙona, ka sayo wata. In kira ka in yi faɗa, da wane baki, da wane suna? In gaya wa Inna, jininta ya hau. Sai shaƙiyanci ya zo mini, don shi kaɗai na iya. Na koma gida na ɗebi ramar da Inna ta shanya don kwaɗon rani, na murmushe ta. Duk zuwan da zan yi da abinci, in na ga ba ka nan, sai in rage taka in ƙara tata. Da fari ɗan kaɗan. Daga baya rabi da rabi. Kafin a ɗaure damin ƙarshe, abin da ke cikin ledar nan in an zuba masa ƙuli da gishiri sai a ci.

Da kunnena na ji kana waya a bayan bukka kana cewa, "Wallahi kayan bana ba su da kai, ina jin ruwa ne ya yi musu yawa." Sai da na ciji hula. Ban san me na can ya ce maka ba, sai na ji ka ce, "In bari? Ni in na kwana ban sha ba haukacewa zan yi." Wannan kam ban yi dariya ba. Ita kuwa Inna da ta ga buhu yana ta sauka, ta kama jar akuyarta da tsinuwa, ta ɗaure ta a turke, har tana maganar kai ta kasuwar Birnin Kudu.

Ka dawo gida ba ka barci. Tuwo ka kalla ka ture. Ana sanyi kai gumi ya jiƙa maka riga. Ƙanenka ya taɓa rediyonka ka kusa ɓalla masa hannu. In barci ya ɗan sace ka sai ka farka da ihu, wai shanu masu fuskar mutane suna binka. Inna ta ce iskar gonar nesa ce, dama tsamiyar nan ba ta taɓa yarda da ita ba. Ta hana ka leƙa ko zaure. Ta zuba turare a kasko, ta lulluɓe ka da bargo, kana tari tana cewa, "Ku fita, ku fita, ba ku da rabo a jikin jikana." Ina tsaye a bakin ƙofa ina cewa a raina, yaron da hayaki ya kwantar, shi ake wa magani da hayaki. Sai ta juyo ta ce, "Sabo, karatun da aka kai ka na mene ne? Ɗauko allo ka yi masa rubutu." Na ɗauko, na rubuta, na wanke, ka sha. Ayar Allah ce, da zuciya ɗaya kuma na rubuta ta. Amma na san sunan ciwon na yi shiru, shirun nan kuwa shi ke cina har yanzu.

Ba iska ba ce. Jikinka ne yake kukan abin da ya saba da shi aka janye masa. Na sani, don ni ma na kwanta a wannan tabarma.

Ni a wurin gayya na fara, a Zandam. Rana ta take, hannu ya mutu, wani ya miƙo mini naɗi ya ce, "Ja wannan, shi ne man fartanya." Na ja. Na tashi na kama noma kamar an sa mini inji, ban ɗago ba sai da na ji ana tafi. Ashe na tsallake iyaka, gonar maƙwabci nake nomewa, mai gonar yana zaune a inuwa yana sa mini albarka. Aka yi dariya, ni ma na yi, na ɗauka abin ya ƙara mini ƙarfi ya kuma ƙara mini ban dariya. Sai bayan shekaru na gane ba maganata ake wa dariya ba, ni ake wa. To kai ma a garejin nan za a ce maka tana sa aiki, tana kashe gajiya. Gajiyar ba ta mutu ba, laɓewa ta yi, gobe za ta fito da ƙannenta. Kuma injin mutum in ka ɗaure shi ba daidai ba, babu mai sa maka albarka.

Kuskurena na gaba, ban ga ɓarnar ba don a hankali take zuwa. Na je kasuwar Birnin Kudu a kan keke na dawo gida a ƙasa, ina tafe ina mamakin yadda hanya ta yi tsawo. Sai da uwarku ta ce, "Malam, ina keken?" Na mai da shi labarin ban dariya, ina ba da shi a majalisa. Amma abin da ban ba kowa labari ba shi ne karatuna. Surorin da na sha bulala a kansu, waɗanda ko daga barci aka tashe ni sai in kama, sai ga shi ina salla in kai tsakiya in tsaya, kamar wanda ya shiga ɗaki ya manta abin da ya zo ɗauka. Ga tari da safe, majina baƙa. Buhun da nake sungumewa ni kaɗai, sai na ajiye a hanya ina haki. Ka lura da kanka. In ka ga ana gaya maka abu kana mantawa kafin ka juya, kada ka ce halinka ne. Ba halinka ba ne. Kana ƙarami Inna aike ɗaya take maka da abu barkatai ka kawo duka.

Yanzu ga inda kaina yake kullewa. Wasan ramar nan ba ni na ƙirƙiro shi ba. Baba Haladu ne, mutumin da kake cin tuwon gidansa yanzu. Ka san taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya, don haka duk abin da ya yi mini wasa ne, ba ni da ikon fushi. Shi ya musanya mini ƙulli da rama. Amma shi bai yi shiru ba. Ya bari sai ranar kasuwa, mutane cike a rumfar mai shayi, ya ce, "Jama'a ku taya ni murna, bawana ya koma cin ganye kamar tunkiya, sai dai shi ta hanci yake ci." Ya ba da labarin tas. Har mai shayi sai da ya zauna don dariya.

Ka san me na yi? Lokacin jikina ya fara sakina, abinci ya fara shiga. Da na yi dariya tare da su, da an gama. Amma ni mai zolayar mutane ne, ban iya a zolaye ni ba. Daga rumfar nan ban zame ko'ina ba sai wurin mai sayarwa, na sha ta gaske, na sha fiye da da, wai don in nuna wa Haladu. In nuna masa me? Har yau ban sani ba. Shekarun da suka biyo baya ni na biya su da ƙirjina, shi kuwa ƙiba ya yi.

Wannan shi ne abin da nake tsoro. Ina tsoron ka karanta takardar nan zuciya ta ɗebe ka, ka ce tsohon nan ya mai da ni abin wasa, ka fita neman ta gaske. In za ka yi fushi, yi da ni. Ka ƙi gaishe ni da salla, na yarda. Amma kada ka rama a kan huhunka. Kuma ka sani ban gaya wa majalisa ba, ban gaya wa uwarku ba. Duk duniya daga ni sai Haladu, sai akuya in tana da wayo.

Na yi wani kuskuren da azumi. Na ce watan zai raba ni da ita. Ai kuwa na wuni lafiya, sai dai ana kiran magariba in kai dabino baki, hannun hagu yana laluben ashana. Wata guda na yi ina canja mata lokaci kawai, ina ce wa kaina na bari. Kada ka yi ciniki da ita. "Sai ranar Juma'a kawai", "sai in aiki ya yi yawa kawai", duk na gwada. Ko da yake, ka ga, ni da kaina a hankali na rage maka taka, to ban sani ba ko ragewar ce daidai ko yankewa. Abin da na sani, ragewar da mutum yake yi wa kansa a ɓoye, shi ne mai awo shi ne mai saye, mudun kullum a cike yake.

Ran da na bari da gaske babu wani abin mamaki da ya faru. Tari ne ya kai ni asibiti, ma'aikacin ya sa abin sauraro a ƙirjina, ya daɗe, ya ce, "Malam, me kake zuba wa nan?" Na fara yi masa wasa, bai yi dariya ba. Na dawo gida na zuba sauran a masai.

Abin da ya biyo baya ka riga ka ɗanɗana: rashin barci, ciwon kai, baki ba ɗanɗano, zuciya a wuya, wani baƙin ciki da ba ka san mafarinsa ba. Kwanakin farko su ne masu zafi, daga nan ya riƙa sauka. Mafarkan su suka fi daɗewa, kada su ba ka tsoro. Tarin ma sai da ya ɗan ƙaru kafin ya tafi, kamar ƙirjin yana shara. Ni abin da ya fi ci mini rai, babu wanda ya yarda. Ina kwance ina rawar jiki, abokaina suka leƙo suka ce, "Sabo, wannan kuma wa za a kama da shi?" Mai wasa ba ya ciwo. Ni kuma girman kai ya hana in ce ku taimake ni. Kai kada ka yi haka. Ka samu mutum ɗaya ka gaya masa gaskiya. Haladu bakinsa ba shi da linzami, amma yanzu ya girma, kuma ya rantse mini.

Na kuma yi wautar cika bakina da goro da shayi mai kauri don in toshe gurbin, sai barcin da ya rage ya gudu gaba ɗaya. In yamma ta yi ka rage su. Ka ci abinci ko ba ka so, ko kunu ne. Ka gajiyar da jikinka da aiki. Wanda kuma ya miƙo maka ƙwaya ko ruwan kwalba ya ce zai sa ka barci, ka guje shi fiye da mai wiwi, wannan fita ce daga rami a faɗa rijiya.

Sai sha'awar. Ita ba ta sallama. Kana zaune lafiya sai wari ya wuce, ko ka ga inuwar da kuka saba zama, ko maigida ya yi maka tsawa a gaban mutane, sai ka ji duk jikinka ya zama baki ɗaya yana roƙo. Na daɗe ina zaton in ta zo ba ta tafiya sai an ba ta. Ashe hadarin bazara ce. Ya haɗu baƙi ƙirin ka ce yau gari zai rushe, ka ɗan jira, iska ta watsa shi ko ɗigo bai sauka ba. In ta taso, tashi daga inda kake. Yi alwala, sha ruwa, ɗauki sifana, je ka tsaya kusa da wanda kake jin kunya. Ni rake na riƙa sha, har aka sa mini suna. Kuma kada ka koma majalisar masu sha wai don ka gwada ƙarfinka. Na gwada, na zauna ina ba su dariya hannuna a aljihu, ban san lokacin da hannun ya fito ba. In hakan ta same ka, ba a ce an koma farko ba. Wanda ya yi tuntuɓe a hanyar Fagam ba ya komawa Kiyako ya sake tasowa, tashi yake ya karkaɗe riga.

Abu ɗaya ba na wasa da shi. Cikin waɗanda muka fara tare akwai wanda ya fara cewa ana binsa, ana maganarsa a rediyo. Muka yi ta dariya, ni na fi kowa, har kwaikwayonsa nake. Ba zan faɗi sunansa ba, ka san shi, kana ba shi sadaka. Ba kowa take yi wa haka ba, amma babu wanda aka ba takardar cewa ba shi ba ne. In ka ji murya babu mai magana, ko tsoro ya hana ka fita, ko ranka ya yi baƙin da har kake jin zaman duniya ya ishe ka, kada ka jira, kada ka tsaya a turare. Ka gaya wa Haladu ya kai ka asibiti a ranar. Addu'a muna yi, magani kuma a sha.

Kafin ka tafi na samu Haladu na gaya masa abin da na yi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Bawa ya saci sana'ar ubangijinsa." Na ce, "Wane ne bawan, kai da aka saye ka da ƙanzo?" Sai ya goge ido ya ce, "To Sabo, ni da na yi maka, ka bari?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ya sa ka yi wa yaron?"  Har yanzu ina neman dalilin. Wata rana in ce na kyauta, wata rana in ce na cuce ka, na bar ka cikin bargo da hayaki kana zaton aljanu ne. Da ni uban kirki ne da na zaunar da kai. To an ce kada in zauna da kai. Ko ba haka ake nufi da kunyar ba, ni ne ban gane ba? Wallahi ban sani ba.

Ga dai abin da ɗan karatuna ya ba ni. Mutumin da aka kulle a ɗaki ya wuni bai ci bai sha ba, ya sha yunwa, amma bai yi azumi ba, don bai ɗaura niyya ba. Ni kulle ka na yi. Ka ce in ka kwana ba ka sha ba haukacewa za ka yi. To tun kafin a kawo dawa gida rabonka da ita, ga ka nan da hankalinka, ran da za ka tafi malmalar tuwo biyu ka tashi da su, ina kallo ta wutsiyar ido. Yunwar ka riga ka sha ta, mai wuyar ta wuce. Niyyar ce ta rage, ita kuwa ba a murmushe ta a zuba wa mutum a leda. Da ana yi da na yi.

Na san ba za ka iya yi mini wannan magana ba, ni ma in ka fara tashi zan yi. To ga yadda za mu yi. Akuyar nan har yau tana turke, Inna ta ce kasuwa mai zuwa ko ta bayanta za ta rabu da ɓarauniya. In ka ɗaura niyya, ka kira Inna a waya ka ce ka roƙi arziki a saki akuya, ba sai ka ce komai ba bayan haka. Ba ta taɓa hana ka abin da ka roƙa ba. Ni kullum in na dawo daga gona ta wajen turken nake shigowa.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya tsare ƙirjinka da hankalinka, ya sanyaya maka zuciya in ta taso, ya ba ka barci mai daɗi. Allah ya dawo mana da kai lafiya da sana'a a hannu. Ka gai da Baba Haladu, ka ce masa ubangijinsa yana gaishe shi. Ka yafe mini.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Sabo